Dabino Uku a Aljihun Abba

Asabar, 4 ga Rajab, bayan azahar

Ni ce nake sa dabino a aljihun jallabiyar Abba.

To, na rubuta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙawata Hafsa da ba na ɓoye mata komai lokacin muna unguwar Tandabawi a Makka. Da boko nake rubutun nan saboda Umma Larabci kaɗai take karantawa, ko ta tsinci littafin sai dai ta juya shi ta ajiye. Ni ma a littattafan soyayya na cikin waya na koyi rubuta Hausa, in na yi kuskure babu mai gyara min.

Yau kwananmu goma sha ɗaya a nan. Wani kwari ne a bayan Makka, ta hanyar da ake hawa Ɗa'if, inda Kawu Munzali, yayan Umma, yake kiwon tumakin wani Balarabe. Hema biyu, wato tanti, shingen waya, tankin ruwa, bishiyar ƙaya guda ɗaya, sai duwatsu ta kowane gefe. Mu uku muka zo: ni, Umma, da Iya, mahaifiyar Abba. Gidanmu an shafa masa jan fenti a bango, alamar za a rushe shi, yanzu ban san ko bangon yana nan ba. Abba kuwa ya fita nema mana ɗaki a unguwar Rusaifa wata ranar Talata. Shi ke nan, bai dawo ba. Umma ta ce kada a yi ta maimaita maganar, ana bin ta ta inda ya dace.

A kan duwatsun akwai birai, irin gwaggon birin nan masu furfura a wuya kamar sun yafa bargo. Ranar da muka iso, tun ba mu sauke kaya ba Kawu ya tara mu.

"Ba a cin komai a gabansu. Ba a zubar da ko ƙwayar shinkafa, abin da ya rage a ƙona shi. Ke kuma Basma, sunanki murmushi, to ki bar shi cikin hema. In kika nuna musu haƙori, faɗa kika nema."

Abincinmu yana cikin wani mataccen firji da aka kwantar a ƙasa, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Makullin yana wuyan Umma. Sha'irin tumaki yana cikin duro, an danne murfin da dutse.

Kawu ya ce matsalar ɗaya ce: birai ba sa tsoron mata. Shi kuma tun safe yake fita da garke sai la'asar. Shi ne ya kafa gungume tsakanin hema da dutse, ya gicciya sanda, ya ce a ba shi kayan namiji. Umma ta daɗe a gaban jaka kafin ta fito da farar jallabiyar Abba da jan rawaninsa. Daga nesa wallahi sai ka ce shi ne yake tsaye yana duba hanya. Kuma ya yi aiki, ba su sauko ba.

Kwana biyar da suka wuce iska ta karkata rawanin, na je gyarawa. Har yanzu akwai ƙanshin turarensa a wuyan rigar. Kullum in Abba ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu ya ce, "Laluba." In na sa hannu a aljihun dama, dabino uku. Ba biyu ba, ba huɗu ba. Ranar na sa hannu, babu komai, sai zare. Na koma hema na ɗauko uku daga rabona na sa masa.

Washegari babu su.

Shekarata goma sha biyar, na san biri ne. Amma na ce wa kaina: in na tarar babu su, to duk inda yake an ba shi abinci ya ci. A littafin da nake karantawa akwai wadda take ajiye kofin shayi a bakin ƙofa kullum har shekara bakwai, babu wanda ya ce mata mahaukaciya, babi guda ma aka ba ta.

Lahadi, 5 ga Rajab, da hantsi

Uku. Babu su. Ya ci.

Litinin, 6 ga Rajab, bayan la'asar

Yau na ga mai ɗauka. Ƙaton biri ne, kunnensa na hagu a yage. Bai zo da gudu ba. A hankali ya tako kamar mai zuwa gaisuwa, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya zura hannu a aljihun dama daidai yadda nake yi. Sannan ya zauna a inuwar rigar ya ci, ya tofar da ƙwallayen bayan wani dutse, ya dube ni. Na tuna ban yi murmushi ba.

Sauran suna bisa suna kallo. Da can ƙololuwa suke zama, sai ka ƙura ido kafin ka rarrabe su da duwatsu. Yau ina ganin yatsunsu.

Iya ta fito da sandarta ta tsaya tana yi wa gungumen magana. "Dauda, shigo daga ranar nan mana. Kai dai ba ka jin magana tun kana ƙarami."

Abin mamaki, tun da na yi wayo ban taɓa jin Iya ta kama sunan Abba ba, ɗan fari ne. "Wancan" take cewa, ko "uban 'yar nan". Tun da mantuwa ta kama ta, kunyar ma ta manta da ita. Yanzu ita kaɗai take faɗin sunan, sau ashirin a wuni, mu da muka san komai bakinmu ya kasa.

Umma ta ce, "Iya, ki dawo ciki, riga ce kawai."

"Na san riga ce. To wa ke cikin rigar?"

Laraba, 8 ga Rajab, bayan la'asar

Sun shigo.

Umma ta buɗe firji za ta auni shinkafa, Iya ta ƙwala mata kira daga hema, ta juya. Juyawar nan kawai. Uku suka diro ta bayan tanki, ɗaya ya sure ledar burodi, ɗaya gwangwanin madara, mai yagaggen kunne kuwa ya zauna a kan murfin firjin kamar kujerar gidansu. Umma ta yi kansa da ludayi tana "Yalla! Barra!" Ko gezau. Hamma ya yi mata, na ga haƙoransa, tsawon ɗan yatsana. Ni ina bakin hema da danƙon da Kawu ya ba ni, na kasa ko ɗora dutse a ciki.

Sun wuce ta gaban jallabiyar Abba da kayanmu, ɗaya har ya goge ta da kafaɗa.

Da Kawu ya dawo ya daɗe yana zagaya wurin yana duba sawu. Ya ce, "Shekarata uku a kwarin nan, ba su taɓa wuce tankin can ba. Biri ba ya sauka haka kawai, Rabi. Wani abu ne ya koya musu."

Umma ta ce, "Me zai koya musu, Yaya? Ko ruwan wanke-wanke sai na haƙa rami nake zubawa."

Ina yanka albasa lokacin. Na gode wa albasar.

Alhamis, 9 ga Rajab, da safe

Jiya ban sa ba, yau ma ban sa ba. Na daina. Allah ya ga na daina.

Amma duk safiyar nan ina ta tunanin ko bai karya ba.

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan magariba



Kawu kullum kayan aikinsa masu ruwan ƙasa yake sawa, ranar Juma'a ce kawai yake sa fara. Ya fito daga hemarsa ya yi tsaf, ya sa turare, yana tsokanata, "'Yar littafi, yau wa ya auri wa?" Ya nufi motarsa ta ɗaukar kaya, hanyar kuwa ta gefen gungumen take.

Mai yagaggen kunne yana wurin tun safe. Kwana biyu yana zura hannu yana fitowa da shi wayam, har ya yage aljihun. Da ya ga wata farar riga tana tafiya da ƙafarta, sai ya bi ta. Na gani. Na buɗe baki, sunan Kawu bai fito ba. Ya kama aljihun dama, Kawu ya kai hannu zai ture shi.

Ban san jini yana da yawa haka a hannu ba. Gaban rigar duk ya rine. Umma ta yage mayafinta ta ɗaure masa, shi ya tuƙa kansa zuwa asibiti da hannu ɗaya, ya ƙi a bi shi, ya ce in an tambaye shi su wa ke tare da shi a kwari me zai ce, tunda ba mu da takardun zama. Bai samu Juma'a ba. Ɗinki tara, da allurai da zai riƙa komawa.

Da ya dawo, kafin ya sha ruwa ya tumɓuke gungumen da ƙafa. Jallabiyar ta faɗi rubda ciki a ƙasa. Umma ta ɗauke ta ta kaɗe.

"Aljihuna ya nema," in ji Kawu. "Bai nemi fuskata ba, bai nemi ƙafata ba. Aljihu. Wa ya gaya wa biri akwai abu a aljihu?"

Asabar, 11 ga Rajab, da hantsi

Umma ta tsinci ƙwallayen dabinon a bayan dutse. Ta kawo su a tafin hannu ta zube a kan tabarma. Ba ta ko dubi inda nake ba. Kai tsaye wajen Iya ta durƙusa.

"Iya, don Allah ki gaya min gaskiya, ba faɗa zan yi ba. Ke kike sa dabino a rigar nan?"

Iya ta dubi ƙwallayen, ta dubi Umma. "To in bar shi da yunwa? Yana tsaye a rana tun safe, ke matarsa ko ruwa ba ki kai masa."

Kawu ya ce, "La haula."

Iya in ka tambaye ta ita ta gina Dutsen Nur ma za ta ce eh. Kowa ya sani. Amma ƙwallaye suna kan tabarma, ga hannun Kawu a naɗe, ga amsa ta zo da sauƙi. Ni ina zaune, littafi a buɗe a waya, layi ɗaya na karanta ya fi sau talatin.

A littattafai a irin wannan wurin yarinyar takan miƙe, hawaye na zuba, ta ce "Ni ce." Ni ko motsi ban yi daga inda nake ba.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan la'asar

Mai tumakin ya zo, Abu Ma'aruf. Bai kashe mota ba, bai dubi hemarmu ba, kamar in bai gan mu ba to ba ma nan. Da ma haka aka yi da shi tun farko. Jiya birai sun kifar da duron sha'ir, sun tsorata garke har wata tunkiya mai ciki ta karye a waya.

Ina jin su ta bayan hema. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yi shiru a kan baƙin Kawu saboda Allah, amma dabbobin amana ce. Ya ce duk wanda yake ciyar da birai, ko ya bar kwarin, ko kowa ya bar shi. Ya ba da zuwa Juma'a ta sama. Da zai tafi ya miƙo kwalin ruwa da ledar lemo ta taga ya ce a ba tsohuwa.

Kawu ya tsaya da ledar a hannu har ƙurar motar ta kwanta. Sannan ya yi sauri ya ɓoye ta cikin riga, don suna bisa suna kallo.

Talata, 14 ga Rajab, da azahar

Mun rataye buhun albasa da busasshen kifi a reshen bishiyar ƙaya da igiya, can sama, nesa da gindin. Wani ƙarami ya hau ya kwance ƙullin da yatsu. Ƙullin da ni na kasa kwancewa.

Mun binne kular man girki da sukari a rami, muka jera duwatsu a kai. Sun tone.

Yanzu a cikin hema muke girki a ƙaramin risho, a rufe ruf, hayaƙi na cin idonmu. A ciki muke ci, shiru, da sauri, kamar mu ne ɓarayin. Firji kaɗai ya gagare su, shi ma sukan zo su zauna a kai su yi ta jan sarƙar. Umma ba ta buɗe shi sai Kawu yana tsaye da sanda, shi ya sa abin da za mu ci wuni tun asuba ake fitarwa.

Na daina tun Laraba. Ba wanda yake ba su komai. Ban san abin ba ya komawa baya ba. Na ɗauka in na daina, za su manta.

Alhamis, 16 ga Rajab, da hantsi

Tun da aka cire gungumen Iya ba ta zauna ba. "Ina Dauda ya tafi? Yanzu yana nan." Da an ɗauke ido sai ta kama hanyar duwatsu da sandarta. Sau biyu yau na kamo ta. Kawu ya ce ga shi nan, kai wa birai abinci take yi. An laluba zaninta, ba komai sai carbi, amma ya ce ta riga ta ba su ne.

Umma yanzu in za ta ɗan kwanta sai ta ɗaura bakin mayafinta a hannun Iya, ɗaya bakin a nata. Idon Umma ya faɗa. Jiya ta sa gishiri a shayi, ta sha rabi kafin ta lura.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan azahar

Anti Hajara, ƙawar Umma ta unguwar Zahir, ta samo gado a wani rubaɗi, gidan da ake ajiye tsofaffin mata marasa kowa. Ta ce akwai tsafta, akwai abinci sau uku, akwai ƙofa mai makulli. Ranar Alhamis Kawu zai kai Iya, kafin wa'adin mai tumaki ya cika.

Marasa kowa.

Iya Larabcinta ya zube tare da sauran abubuwa, Hausar ƙauyensu kaɗai ta rage mata, ta shekara sittin da suka wuce. In ta ce tana son ruwa wa zai gane? Ba ta cin abinci sai an fara ci a gabanta. Ba ta yarda a cire mata ɗankwali sai ni. In ta farka ba ta ga fuskar da ta sani ba, kuka take kamar jaririya.

Umma ta ce na ɗan lokaci ne, har abubuwa su daidaita. Haka ta ce ranar da muka zo nan.

Ranar Talatar nan da Abba ya fita, ya riga ya sa takalmi, ya dawo ya leƙo ɗaki. Ina kwance da waya. Ya ce, "Basma, a ajiye soyayyar nan haka, a kula min da Iya kafin in dawo." Na ce to, ban ko ɗago kai ba, ina tsakiyar babi.

Lahadi, 19 ga Rajab, bayan la'asar

Ba komai. Iska. Sun zo sau biyu.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan la'asar

An kira wayar Umma da baƙuwar lamba. Tana ganin ta ta miƙe ta zaga bayan tanki, ba ta ko tsoron birai. Minti biyu, ko uku. Ta dawo ta wanke fuska ta ce, "Yana gaishe ku." Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share.

Abu ɗaya nake son tambaya. Ban tambaya ba.

Amma da Kawu ya dawo na ji tana gaya masa a hankali. Wai muryar Abba ta canza. Wai ya ce cikinsa ya ƙi abincin wurin da ake tsare da shi, tun da ya shiga bai ci abin kirki ba, ruwa da ɗan burodi kawai. Wai ya tambayi labarin Iya, Umma ta ce masa tana nan tare da mu lafiya lau.

Tun da ya shiga.

Ke nan duk safiyar da na tarar da aljihu wayam na yi murna, na rubuta "ya ci", bai ci ba. Biri ne ya ci. Na sani tun farko, na rubuta ma na sani. To me ya sa yanzu nake jin kamar an mare ni?

Na goge littafin mai kofin shayi daga wayata. Bayan awa ɗaya na sake nemo shi. Ban buɗe ba.

Talata, 21 ga Rajab, da hantsi

Na yi niyya yau. Wallahi na yi. Umma ta ce in zo ta tsefe min kai, na zauna tsakanin gwiwoyinta, na ce wannan ne daidai, ba sai na kalli idonta ba. Na haɗa maganar a baki. Na ce, "Umma."

Ta ce, "Na'am." Sai ta ci gaba da kanta, tana jan matsefi. "Kin san ke kaɗai ce ba ki taɓa ɗaga min hankali ba? In na dube ki kina zaune shiru da karatunki sai in ce to, ko ba komai wannan ɗaya tana nan daidai. Me za ki ce?"

Na ce, "A hankali, da zafi."

Bayan azahar

Ina taje wa Iya kai, Umma ta fita ɗiban ruwa. Sai Iya ta kama hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙawata, me ya sa kika daina ba shi?"

Na tsaya da tajewar.

"Ina kallonki ta nan," ta nuna hudar da ke jikin hema. "Kullum da safe. Na ce 'yar nan ta san ubanta. Tun da kika daina ya yi fushi ya tafi. Ki koma ki sa masa. Uku, ba ya son biyu."

Na ce, "Iya, to me ya sa kika ce ke ce?"

"Na ce ni ce me?"

Ta dube ni da idon nan nata da ya yi fari-fari. Sannan ta nuna jakar da Umma ta fara haɗa mata a kusurwa. "Wannan kayan wa? Wa zai yi tafiya?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya ta biyu, ko ta ɗari, na daina lissafi.

Laraba, 22 ga Rajab, bayan la'asar

Tunda baki ya ƙi, na ce bari in rubuta. Wasiƙa dai na iya ta. Akwai guda goma sha wani abu a bayan littafin nan da na rubuta wa mutanen da babu su a duniya, masu dogon gashin ido da motoci.

Na fara da Larabci don Umma ta karanta da kanta, ni kuma in ɓuya bayan tanki har ta gama. Sau uku ina yagawa. Da na rubuta "Mahaifiyata mai daraja, bayan gaisuwa" sai ta koma irin takardun roƙon da ake rubuta mata a kai ofis a kan maganar Abba. Kalmomin makaranta ne, suna tsaye a layi da takalmi. Na kasa sa "laluba" a ciki. Na kasa sa ƙanshin wuyan riga.

Sai na rubuta da Hausa, ta fito a zama ɗaya, shafi biyu. Na faɗi dabinon, na faɗi ranar da na fara da ranar da na daina. Na faɗi cewa na ga birin yana bin Kawu na kasa kira. Na faɗi dalilin, wanda ya fi komai kunya, don na san za ta ce camfi ne, a ina na koyo, wannan ne abin da littattafan suke koya min. Na ce Iya ba ta taɓa ba su ko ɓawo ba, ɗanta take nema a duwatsu. Na ce a gaya wa mai tumaki an gano mai yi kuma ta daina. In dole sai wani ya bar kwarin, a kai ni wajen Anti Hajara in yi mata wanke-wanke, ni ina jin Larabci, ni na san sunana.

Na ninke ta huɗu. Sai na zauna ina kallonta, ina jin wani sauƙi mara kyau. Don na san Umma ba za ta iya karanta ta ba. Zan iya sa ta a ƙarƙashin matashinta in ce wa Allah ai na bayar.

Ban san ko wasiƙar za ta hana tafiyar Iya ba ma. Birai ba za su koma bisa don na yi wasiƙa ba. Hannun Kawu ba zai warware ɗinki ba. Wataƙila Umma ta gaji ne har ƙashi, wataƙila da dabino da babu dabino gadon rubaɗin nan hutu ne a gare ta, kuma ba zan ga laifinta ba. Wataƙila abin da zan cim ma kawai shi ne in ƙwace mata ɗayan nan da take dubawa ta ce tana nan daidai.

Alhamis, 23 ga Rajab, bayan fitowar rana

Kawu yana duba ruwan mota da hannu ɗaya. Ya ce ƙarfe takwas, kafin rana ta yi zafi. Jakar Iya tana bakin hema. An sa mata sabon ɗankwali, tana ta murna, ta ɗauka Harami za a kai ta. Ta tambaye ni ko Dauda zai same mu a can.

Mai yagaggen kunne yana kan firji yana jan sarƙa.

Umma tana zaune a kan tabarma da jallabiyar Abba a cinya. Ta wanke ta tun shekaranjiya, yanzu aljihun take ɗinkewa, ƙananan ɗinki a jere, kamar gobe zai sa. Ba ta san ina kallonta ba. Da ta gama sai ta zura hannunta a ciki, ta bar shi a can.

Wasiƙar tana cikin hannun rigata, ta jiƙe da gumi. Ba zan sa ta ƙarƙashin matashi ba. A hannunta zan sa. Za ta buɗe, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Mene ne wannan kuma? Karanta min." Kuma Kawu yana nan, zai ji.

Na gwada layin farko a hankali sau uku, muryata tana fita, ƙarama ce amma tana fita.

Takwas saura kwata. Kawu ya rufe murfin mota.

Bari in tashi.